Mono ko sitiriyo: ina ganguna za su zauna a kiɗan rawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina haɗa kiɗan rawa na lantarki da manhajar FL Studio. Idan na sa hedfon komai yana fitowa da faɗi, gwanin daɗi. Amma da DJ ya sa waƙar a wurin biki sai kik, wato babbar ganga mai kaurin sauti, ya yi laushi, tafin ma ya kusa ɓacewa. An ce mini laifin sitiriyo ne, wato raba sauti hagu da dama. In mayar da duk gangunan mono ke nan, wato sauti ɗaya a hagu da dama? (Mai karatu daga Kaduna)

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya faɗa maka haka ya taɓo gaskiya, amma kada ka mayar da komai mono, kiɗan zai takure. Abin dubawa shi ne kaurin sautin kowace ganga: mai kauri ta zauna a tsakiya, siririya kuma a ba ta filin yawo hagu da dama.

Ga abin da ya cinye maka kik. Hedfon yana kai wa kowane kunne nasa sautin, na hagu da na dama ba sa haɗuwa. Kayan sautin wuraren rawa kuwa, da yawansu suna haɗe ɓangarorin biyu wuri ɗaya, musamman manyan lasifikokin bes, wato sauti mai kauri. Haka ƙaramar lasifikar Bluetooth, haka wayoyi masu lasifika ɗaya. To, wasu kayan faɗaɗa sauti suna aiki ne ta jinkirta ɓangare ɗaya da 'yan milisakan. Ɗauki kik mai ƙarfi a Hz 50 (Hz shi ne yawan zagayen igiyar sauti a sakan ɗaya; ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri). Zagayen igiyarsa ɗaya milisakan 20 ne (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Idan ka jinkirta dama da milisakan 10, rabin zagaye ke nan: lokacin da hagu ke tura fatar lasifika waje, dama na janyo ta ciki. Da an haɗe su sai su kashe juna. Kuma abin bai tsaya a Hz 50 ba, wannan kashe junan yana maimaituwa a Hz 150, 250, 350, haka har sama. Shi ya sa tafinka ya koma kamar ana yin sa a cikin bututu.

Saboda haka kik ya zama mono, a tsakiya, babu jayayya. Duk abin da ke ƙasa da Hz 120 shi ma haka. Kunnen ɗan Adam ba ya iya gane inda sauti mai kauri irin wannan yake fitowa sosai a cikin ɗaki, don haka faɗaɗa shi asara ce kawai. Tun zamanin faifan garmaho masu yanka faifai suke tattara bes a tsakiya don kada allura ta yi tsalle daga layinta. A FL Studio kowane layi na miksa, wato wurin haɗa sautuka, yana da maɓallin raba sitiriyo: murɗa na kik zuwa dama har ƙarshe. Masu manhajar Ableton Live su sa kayan aikin Utility su kunna Bass Mono, wanda yake zuwa a saite kan Hz 120.

Tafi da sineya, wato ƙaramar ganga mai kaifin sauti, su ne suka fi buƙatar dabara, domin su ke riƙe bugu na biyu da na huɗu, kuma ana son su da ƙarfi da faɗi a lokaci guda. Yi su hawa biyu. Na farko busasshe, mono, a tsakiya, shi ne mai naushin, kuma jikinsa yana wajen Hz 200. Na biyu shi ne ado: tafi biyu daban-daban, ɗaya hagu ɗaya dama, ka yanke musu duk abin da ke ƙasa da Hz 300, ka sauke ƙarfinsu desibel 6 zuwa 10 ƙasa da na tsakiyar (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Lura da kalmar daban-daban. Idan tafi ɗaya ka kwafa ka jinkirta, ka koma gidan jiya. Sauti biyu da asalinsu ba ɗaya ba ne ba sa share juna idan aka haɗe su.

Hayi-hat (ko hat, farantan ƙarfe masu siririn sauti) da kacau-kacau ka bar su mono, ka karkatar da su kawai: hat kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari hagu, kacau-kacau kamar haka dama, don kada gefe ɗaya ya yi nauyi. Ba na ba da shawarar kai su can ƙarshe. Wanda ke rawa kusa da lasifikar dama ba zai ji abin da ka jefa hagu ba, sannan idan aka haɗe zuwa mono, abin da ke gefe yana raguwa da desibel 3 zuwa 6 a kan na tsakiya.

Faɗin gaske daga amsa-amo yake zuwa. Buɗe layi guda na miksa domin sa, a sitiriyo, tsawonsa kada ya wuce sakan 1 ga ganguna, ka yanke ƙasa da Hz 250, sannan ka tura masa tafi da hat kaɗan-kaɗan. Kik kada ya shiga.

Kafin ka fitar da waƙa, murɗa maɓallin babban layi zuwa mono ka saurara daga farko har ƙarshe. Abin da ya ɓace ko ya sirance, shi ne mai matsala. Idan kana da ma'aunin dacewar hagu da dama, wanda ke tafiya daga -1 zuwa +1, alamar ta zauna tsakanin sifili da +1. Kada ka manta ka mayar da maɓallin wurinsa kafin fitarwa, mutane da yawa suna mantawa.

TAMBAYA: Ina so in sa kalangu a kan kiɗa irin na amapiyano. Makirufo biyu zan sa don ya fito sitiriyo? (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Ɗaya ya wadatar, Malam, kamar taƙi ɗaya daga fatar da ake bugawa. Makaɗi yana motsi yayin da yake matse tsirkiya a hammata, nisansa da makirufo biyu zai riƙa canzawa, sautin ya riƙa kauri yana sirancewa idan aka haɗe. Ɗauke shi mono, ka karkatar kamar kashi 15, ka yanke ƙasa da Hz 100 don ya bar wa gangar log, gangar nan mai kauri ta amapiyano, hanya. Ita gangar log bes ce ta wata fuskar, don haka gindinta ya zauna mono tare da kik. Idan kalangu biyu ne suna amsa wa juna, ɗauki kowanne daban, ɗaya ya zauna hagu ɗaya dama.