Amsa: Me ya sa ƙararrawar haikalin Buddha ke daɗewa tana amo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kauri ne ke sa amon ya daɗe. Kauri na da nasa rabo, amma asalin maganar tana wurin haɗin ƙarafan tagulla da yadda ake zubinta.

A tagullar, jan ƙarfe ne mafi yawa, wajen kashi 80 ko sama da haka, sauran kuza. Kuza ce ke ba da amo, sai dai in ta yi yawa ƙarfen ya yi tauri, bugu kaɗan ya tsage. Mazubin da ake zuba narkakken ƙarfen a ciki na yumɓu ne, gida biyu, na ciki da na waje, ratar da ke tsakaninsu ita ce kaurin ƙararrawa. Sai an busar da shi ƙayau, domin ɗan laima na zama tururi, ya bar ramuka a cikin ƙarfe. Ana narkar da ƙarfen da zafin da ya fi digiri 1,000, a zuba lokaci guda ba tsayawa. In zubin ya katse, wurin haɗuwar ba ya kamawa, nan tsaga ke farawa. Sannan a bar ƙararrawar ta huce a hankali.

Ba ta da harshe a ciki. Gungumen itace ake ratayewa, a buga ta daga waje a wani gurbi da aka ƙara wa kauri.

Dubi ta Sarki Seongdeok a Koriya, zubin shekarar 771, tan 18.9. Jikinta bai daidaita ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa sautuka biyu makusanta ke karo, amon na tashi yana sauka kamar numfashi.