Ɗana ya kamu da ƙwaya a Amurka: in sayar da fili ko Medicaid za ta biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Bronx nake zaune, cikin New York. Ɗana mai shekara 24, haifaffen nan, ya kamu da ƙwayoyin kashe zafi tun bayan tiyatar gwiwa. Wata cibiya ta ce za ta kwantar da shi wata guda kan dubban daloli. Yana da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, amma har na fara cinikin filina na gida. Me kike gani? Wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Filin nan dai ki bar shi tukuna.

Tun 2020 dokar tarayya ta wajabta wa Medicaid ta kowace jiha biyan magungunan wannan cuta ta kamuwa da ƙwaya da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da su. Uku ne. Metadon sai a asibitocinsa na musamman, kuma da farko kusan kullum sai ya je. Naltirekson, wato allurar Vivitrol, sau ɗaya ce a wata, amma sai ya yi kwana 7 zuwa 10 bai taɓa ƙwaya ba, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Da ɗana ne, maganar bufrenofin, wanda aka fi sani da Suboxone, zan fara yi wa likita, don tun 2023 likitan da kuka saba gani ma yana iya rubuta shi, a karɓa a shagon magani.

Abin da ke tayar min da hankali game da kwanciyar wata guda ba tare da magani ba shi ne ranar fitowa. Jiki ya riga ya manta ƙwayar, adadin da ya saba sha a da yanzu yana iya tsayar masa da numfashi, balle yanzu da ake cuɗa ƙwayoyin titi da fentanil, wata ƙwaya mai matuƙar ƙarfi. Saboda haka ki tambayi cibiyar: suna karɓar Medicaid? Suna ba da bufrenofin ko metadon? In sun ce a'a, ki nemi wata.

Za ki ji dangi na cewa an sauya ƙwaya da ƙwaya. Ki yi haƙuri da su, amma kada ki bari a tsayar da maganin. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Yau ɗin nan ki sayi Narcan, wanda ake fesawa a hanci idan numfashi ya ɗauke, ba sai da takardar likita ba. Sannan tunda ya kai shekaru, sai ya sa hannu kafin likita ya yi miki bayanin jinyarsa, don haka ki lallaɓa shi ku je tare tun ranar farko.