Amsa kan gurbin lokacin fara wasan golf da aka ba wa wasu

Malam, na karanta ƙorafinka cewa ka isa filin golf minti bakwai bayan lokacin da ka kama, ka tarar an ba wa wasu gurbinka, kuma aka ƙi mayar maka da kuɗinka.

A ganina, ma'aikatan ba su yi laifi ba wajen ba da gurbin. Filaye kan saki rukunin 'yan wasa ne bi da bi, tazarar kusan minti goma tsakaninsu, saboda haka jinkirin mutum ɗaya yakan shafi duk waɗanda ke bayansa har yamma. Shi ya sa ake so mutum ya yi rajista a teburin karɓar baƙi tun da sauran lokaci, ba wai ya shigo ƙofa daidai lokacin bugu ba. A gasa ma dokar ta fi tsanani: Doka ta 5.3a ta R&A, hukumar da ke tsara dokokin golf, ta tanadi hukuncin ƙarin bugu biyu, a gasar da ake ƙidaya bugu, ga wanda ya makara bai wuce minti biyar ba, wanda ya wuce haka kuwa a fitar da shi. Cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe a Legas, wanda duk mun san azabarsa, ba uzuri ba ne a wurinsu.

Batun kuɗin ne kake da abin cewa. Ka duba rasidinka ko saƙon da suka turo maka. Idan ba a rubuta sharaɗin rasa kuɗi ba, ka rubuta wa manajan filin cikin ladabi, ka nemi a sauya maka wata rana, domin sun fi saurin amincewa da wannan fiye da mayar da kuɗi.