Ku Tambayi Kawu: Wai Wane Kiɗa Ne Ake Cewa Progressive Rock?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lahiya, ya iyali. Muna da wani aboki a hostel shina son kiɗan turawa na da, kullum in muka ce ya rage mana ƙarar rock ɗin nan sai ya ce shi ba rock kawai yake ji ba, progressive rock ne, wai prog, yana faɗa yana ɗaga hanci kamar mai digiri biyu. Ni dai jita da ganga nike ji duk iri ɗaya. Mi ya raba su? — Abdul, Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam Abdul. Abokin naka yana da gaskiya, ɗaga hancin ne dai ba shi da dalili.

Kaga waƙar rock ta yau da kullum tsarinta kusan irin namu ne, baiti, amshi, baiti, amshi, mai jita ya ɗan nuna gwaninta a tsakiya, a koma amshi a rufe, duka duka minti uku ko huɗu saboda haka gidan rediyo ke so. To wajen ƙarshen shekarun 1960 wasu samari a Ingila suka ce wannan riga ta yi masu kaɗan. Da yawansu sun taso suna koyon fiyano da kiɗan coci da na manyan makaɗan Turai na da, wasu kuma jazz suka sha, sai suka fara gina waƙa kamar tafiya, a faro a hankali, a shiga gudu, a tsaya cak, a ɗauko wani sautin daban, can wajen ƙarshe kuma a dawo da abin da aka faro da shi amma ya canza kama. Sau da yawa ma babu amshi sam.

In ana neman inda abin ya tsaya da ƙafarsa yawanci faifan King Crimson na 1969 ake nunawa, In the Court of the Crimson King, duk da cewa tun 1967 Beatles da Moody Blues sun riga sun share fili. Daga nan zuwa wajen 1975 ne kakarsa, lokacin Yes da Genesis da Jethro Tull da Emerson, Lake & Palmer. Yes suna da Close to the Edge a 1972, waƙa ɗaya minti 18, Genesis suna da Supper's Ready a shekarar, wajen minti 23. In ka lura duk tsawon nan kusa yake da juna, ba haɗuwar baki ba ce, gefe ɗaya na faifan garmaho iya abin da yake ɗauka kenan, minti ashirin da 'yan kai, to sai su cika gefen da waƙa guda. Jethro Tull ma da suka yi Thick as a Brick, waƙa ɗaya sama da minti 40, dole sai ka tashi ka juya faifan a tsakiya.

Wannan ɗin akwai ranar da na kai wa wani yaro mai tura waƙoƙi a memori wajen Ƙofar Ƙaura ya juye mani ita daga tsohuwar wayata, ya kalli allon kwamfuta ya kalle ni ya ce Baba wannan ai ba waƙa ba ce, wa'azi ne ko fim, na ce tura dai.

Sai kayan kiɗan. Akwai wata na'ura Mellotron, kamarta kamar fiyano amma ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyi, in ka danna ya kunna, wajen daƙiƙa takwas ya ƙare sai ka saki ya koma. Wannan sautin mai kama da hazo da kake ji a faifan King Crimson ita ce. Akwai kuma Moog, wata na'urar haɗa sauti ta lantarki, da Keith Emerson ya shahara da ita. Amma abin da ya fi saurin tona asirin prog shi ne ƙidayar kiɗa. Kusan duk abin da kake ji a rediyo in ka tafa hannu huɗu huɗu ne. Su kuwa sai su yi bakwai, ko biyar, ko tara, su canza a tsakiyar waƙa ba sallama. Kunna Money ta Pink Floyd ka ƙirga da yatsa, za ka ga a bakwai yake zagayowa, kamar mai tafiya yana ɗan ɗingishi, sai mai jita ya shigo a koma huɗu. In ka kama wannan ka riga abokin naka, don ina kyautata zaton bai taɓa ƙirgawa ba.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni abin da na ji shi ne duk waƙa mai tsawo ita ce prog. To in haka ne ai Shata ya riga su, Bakandamiya fa? Ga Fela shi ma. Ko don mu baƙaƙe ne ba a sa mu? — Hajiya Binta, Daura

Amsa: Hajiya ina gaisuwa, kuma na san mutanen Daura ba a taɓa maku Shata tunda a wajenku yake kwance tun 1999. Amma wanda ya faɗa maki tsawo ne ma'auni ya ba ki rabin zance.

Ki saurari yadda Shata ke tafiya. Kalangu ya kama hanya ɗaya ya riƙe, 'yan amshi suna dawo da magana ɗaya, shi kuma yana zuba sababbin baitoci a kai, zai iya yin minti goma zai iya yin arba'in gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa, daɗin yana cikin maganar da kuma wannan dawowar da ake yi. Fela ma kusan haka ne ta wannan fuskar, ganga da bes su kafa gindi ɗaya su zauna a kai, ƙahoni su shigo su fita, shi ya sa ake iya rawa da shi tun daga farko har ƙarshe. Prog kuwa gindin ne kansa ba ya zama wuri ɗaya, an tsara shi tun kafin a hau dandali, sashe na ɗaya, na biyu, na uku, kowa ya haddace inda za a juya. Gwada rawa da shi ki gani, ƙafa za ta harɗe. Kuma kalmar rock ɗin tana da aiki, sai da jitar lantarki da gangunan turawa da asali daga wancan gidan. Shata ba ya buƙatar a ara masa sunan wani gida, nasa ya ishe shi, kiɗan Fela kuma yana da sunansa, Afrobeat.

Amma kar ki ce ba mu leƙa ba. Osibisa, waɗanda aka kafa a Landan a 1969, 'yan Ghana da 'yan Karebiyan har da ɗan Najeriya a ciki, a zamani ɗaya da dandali ɗaya suka yi tashe da waɗannan mutanen, kuma Roger Dean wanda ya zana bangon faifansu biyu na farko a 1971 shi ne ya koma yana zana wa Yes. Yayana da ya yi karatu a Ingila ya dawo da ɗaya, ina yaro, giwaye ne masu fukafukai suna tashi sama, mahaifiyarmu ta sa ya juya bangon faifan yana kallon garu wai kar ya hana yara barci. Wasu masu tara faifai suna ajiye Osibisa a layin prog, wasu su ce a'a. Ni a bakin ƙofa nake ajiye su.

Tambaya: Slm Kawu. Mun yi musu har dare da ƙanena, Pink Floyd prog ne ko ba prog ba? Kuma shi ya ce Phil Collins ma ɗan prog ne, na ce wanda Baba ke sa waƙoƙin soyayyarsa a mota? — Nura, Sabuwar Unguwa

Amsa: Nura ka biya ƙanenka kuɗin shayi. Phil Collins ya shiga Genesis a 1970 a matsayin mai ganga, shi ne ke bugun nan mai wuyar ƙirgawa a Supper's Ready, sai da mawaƙinsu Peter Gabriel ya bar su a 1975 sannan ya karɓi waƙa. Daga baya ne suka gajarta suka koma abin da rediyo ke so, kamar yadda Yes ma suka yi a 1983. Shi ya sa tambayar wane ɗan prog ne ba ta cika amfani ba, ka tambaya wane faifan, wace shekara.

Pink Floyd kuwa musun ya girme ku. Masu cewa a'a suna cewa kiɗansu a hankali yake, daga blues ya fito, ba sa tseren yatsu irin na Yes. Gaskiya ne. Amma Echoes ta 1971 ta cinye gefen faifai guda, kuma The Dark Side of the Moon na 1973 an ɗinke shi ne waƙa na shiga cikin waƙa a kan jigo ɗaya, lokaci da kuɗi da mutuwa da taɓin hankali. In wannan bai shiga ba to ban san me zai shiga ba. Ni na sa su.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sunan kansa. Ma'anarsa ci gaba, amma da 'yan punk suka taso a 1976 da 1977 da waƙoƙin minti biyu suna yi wa waɗannan dattawan ba'a, sai sunan ya koma kamar zagi, har wasu da ake liƙa wa shi, irin su Radiohead daga baya, suka ƙi karɓa. Yanzu kuma akwai ƙungiyoyin da ke kwaikwayon sautin 1972 tsaf, har da neman tsohuwar Mellotron, su ma ana ce masu masu ci gaba. Rush na Kanada, Marillion, Dream Theater, Tool, kowa da inda ya ja abin, wasu ma sun haɗa shi da kiɗan metal mai tsawa.

Tambaya: Kawu su Mdou Moctar da Bombino na Nijar fa? Jitarsu ai ba wasa. — Sadiya, Rafindaɗi

Amsa: Ba wasa kam 'yata, amma a'a. Kiɗan jitar Buzaye ne, zagaye ɗaya ake kamawa a yi ta ƙara masa wuta da gudu har ya tafasa, ya fi kusa da abin da na faɗa wa Hajiya Binta a sama. In kina so ki ji bambancin da kunnenki, sa ɗaya daga cikinsu, sannan ki bi da Close to the Edge, ki yi haƙuri da minti ukun farko don hayaniya ce kamar an saki kasuwar Charanci a ɗaki ɗaya, daga nan take warwarewa. Ki sauke ta da dare lokacin da data ke araha.