Daɓen wurin matuƙi: ka duba rariya kafin ka sayi komai

Salamu alaikum Alhaji. Na ga tambayarka tun jiya, cewa ka sayi tsohon jirgin ruwa mai filafilai a Legas, daɓen wurin zaman matuƙi ya suɗe yana santsi, ruwa kuma yana kwanciya, kana neman abin da za ka shimfiɗa. Na yi shekara tara ina aiki a irin wannan jirgi a Port Sudan, muna kai masu nutso Sanganeb, wani wurin murjani a Bahar Maliya, wani lokaci mu gangara Sawakin. Bari in faɗa maka abin da ƙafata ta sani.

Kafin ka kashe ko kwabo, cika bokiti ka sheƙa a wurin, ka tsaya ka kalla. Yawancin jiragen nan rariya biyu gare su a kusurwa, kowace da tiyo da ke fitar da ruwa waje. In ruwan ya tsaya yana juyi, matsalarka tana cikin tiyon: gashi, ɓawon kifi, guntun igiya, yashi. Ka zare shi ka wanke. Kai da ke Legas wannan ya fi shafarka, domin ruwan saman Yuni da Yuli zai sauka kana gida kana barci, jirgi na ɗaure, kuma rariyar nan ce kaɗai mai gadinsa.

Mun gwada soson roba na shimfiɗa da ake kira EVA, wanda ake ɓare takardar bayansa a manna. Gaskiya yana da daɗin takawa, yana kama tafin ƙafa ko da ya jiƙe. Amma ba ya fitar da ruwa, bisansa ruwa ke bi, kuma da rana ta dake shi sai gefensa ya fara ɗagowa. Namu mai duhu ne, da azahar ba ka iya tsayawa kansa ba takalmi. Ranar da muka zo ɓamɓare shi, yini biyu muka yi muna kankare gam. In shi ranka ke so, ɗauki mai haske.

Tayil ɗin roba masu huji da ake haɗawa, irin su Dri-Dek, suna da sauƙi, da wuƙa ma za ka yanka su daidai wurin. Ruwa na wucewa ƙarƙashi sarai. Sai dai in jirgi ya karkata da iska suna iya zamewa gaba ɗaya, in ba a yanka su sun matse bango da bango ba. Haka ta faru da ni wata la'asar muna komowa, na miƙe zan ja igiya, tabarmar ta tafi da ni, gwiwata ta bugi bakin benci. Har yau in sanyi ya shigo tana tuna mini.

Abin da na tsaya a kai shi ne katako mai raga, wanda kafinta ke saƙawa da ƙananan ramuka, a ɗora shi kan 'yan ƙafafu yadda ruwa zai bi ƙasa zuwa rariya. Turawa da icen tik suke yi, amma tsadarsa ta wuce misali. Kai kana da loko a kusa, wato iroko, yana jure ruwa ƙwarai. Ka roƙi kafinta abu uku: ya yi shi gida biyu don mutum ɗaya ya iya ɗagawa, ramukan kada su kai girman da yatsan ƙafar yaro zai shige, kuma kada ƙafafun su tare bakin rariya. Kusoshin su zama na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, don na kasuwa gishiri zai cinye su. Kuma don Allah kada ka bari a shafa masa banish. Zai yi ƙyalli ya burge ido, ya jiƙe ya zama kamar sabulu.

Su kuma benci da gefen da ake takawa, fenti da yashi ya wadatar. Tankaɗe yashin, wanke shi, shanya shi ya bushe ƙayau, ka barbaɗa kan ɗanyen fenti, in ya bushe ka share ka sake shafawa. Kada yashin ya yi kaushi da girma, zai ci wando ya ci fata.

Duk mako ka ɗaga katakon ka wanke ƙarƙashinsa, nan gansakuka ke taruwa. In kana goge shi da buroshi, ka bi shi a gicciye, kada ka bi tsawon jijiyar icen, don hakan na rarake shi. Turo mana awon wurin da hoton inda rariyoyin suke, in zana maka yadda za ka nuna wa kafinta. Allah Ya tsare hanya.