Kar ka tura masa na biyu da na uku

Jiya bayan la'asar ina tsakiyar yanka bangon littafi a shagona na ɗab'i ka tsaya a kaina da waya a hannu, ka ce, "Baffa, na gama labarin nan na 'yan sakandare masu farautar dodanni, kashi uku. Wani mai karanta littattafai a YouTube ya ce in tura masa duka ya duba. In tura? Kuma a ina zan yanke na ɗaya?" Na yi maka shiru don raina ya ɓaci, kuma ba kai ka ɓata shi ba. Ga amsarka. Ka zauna ka karanta a tsanake, ba irin karatun nan naku na ja da babban yatsa ba.

Kar ka tura.

'Yan shekaru bayan an cire Gombe daga Bauchi a 1996, littafin Hausa na kan ganiyarsa, kowa kuma soyayya yake rubutawa. Ni na ƙi bin ayari. Na rubuta labarin yara huɗu 'yan makarantar kwana, maza uku da mace ɗaya, suna bin sawun wani abu da ke ɗauke masunta a madatsar ruwan Dadin Kowa. Ba a ɗaki na ƙaga shi ba. Na kwana wajen masunta, na hau Dutsen Bima da ƙafata, na yi ta kai wa wani tsohon maharbi goro a wajen Deba har ya saki jiki ya yi min bayanin layar zana da baduhu da namun dajin da suke cewa suna da ƙwari. Shekara guda cur ina wannan aiki. Na sayar da babur ɗina, uwargida ta ɗauki adashinta ta ɗora min a kai, na buga na ɗaya kwafi dubu uku.

Kasuwar littafi a Kano take, don haka can na kai wa wani dillali, a kan ya sayar ya biya. Mutum ne mai fara'a, sahun gaba a masallaci, har gidansa ya kai ni na ci tuwo. Mako biyu ya aiko a ce littafi ya karɓu, mata na ta tambayar ci gaba, in hanzarta kawo na biyu da na uku, yana da mai injin da zai buga da sauƙi, in an sayar ya cire kuɗinsa. Na ɗauki littattafan makaranta guda shida cike da rubutun biro na miƙa masa. Ban yi hoton ko shafi ɗaya ba, ina ƙyashin kuɗin. Ba takarda, ba shaida. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, cewa ta yi in za a ƙulla bashi a rubuta a kuma kafa shaidu. Na san ta sarai, amma na ji kunyar mutumin da na ci tuwonsa.

Daga nan zarya ta fara. In hau mota a Tashar Dukku, mu bi ta Darazo, in isa Kano a gajiye, a ce min Alhaji ya fita. Wata rana takarda ta yi tsada, wata rana injin ya lalace. Sau bakwai na yi wannan tafiya. Sai wani zuwa da na yi Bauchi ɗaurin aure, na ratsa ta kasuwar Wunti, na hangi wani littafi da zanen yara huɗu a cikin kwalekwale. Na buɗe tsakiya, idona ya sauka a kan maganar da tsohon maharbin nan ya faɗa min baki da baki, yadda na rubuta ta, ko waƙafi ba a taɓa ba. An sauya sunan littafin, an sauya sunayen yaran, an ɗora sunan wani marubuci da ban taɓa ji ba. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, sai da mai shagon ya ba ni benci.

Da na tunkari dillalin sai ya ce labarin dodo ai na kowa ne, in ina da takarda in fito da ita. Ya sa yaransa suka loda min ragowar na ɗayan, sama da rabi. Wa zai sayi littafin da na biyunsa ba zai taɓa fitowa da sunansa ba? A ɗakin zaure na jibge su, gara ta yi musu kaca-kaca. Adashin uwargida sai da na shekara biyu ina biya.

Amma abin da har yau yake hana ni barci shi ne ƙarshen labarin. Ni na rubuta cewa yaran ba su iya kashe abin ba, sun dai gano sharaɗinsa suka ɗaure shi da shi, babbansu kuma ya rasa jinsa har abada. Dillalin kuwa ya ba wani ɗan kwangila ya gyara, wai sai ga takobi ya faɗo daga sama, yaro ya ɗauka ya sare kan dodo, aka yi biki. Ya sace min dukiya, sannan ya mayar da aikina shirme, mutane suka karanta a haka.

Batun inda za ka yanke na ɗaya ba abin tsayawa ba ne. Ka yanke a daren da ɗaya daga cikin yaran ya karya sharaɗi, kafin a ga abin da zai biyo baya. Gyaran ƙa'idar rubutu da lissafin shafuka kuwa, wanda ya shekara biyu a shagona bai iya ba, to ya koma gona.

Matsalarka ta fi wannan girma, don na leƙa babi biyar na farko da ka bari a kwamfutar shago. Dodanninka duk na aro ne. Mai shan jini da ke gudun tafarnuwa, da mutumin da ke rikiɗa in wata ya cika, waɗannan na Turawa ne, a finafinan Amurka ka gan su. Yarinya a Bolari ko Jekadafari ba za ta ji tsigar jikinta ta tashi a kansu ba. Ku yaran yanzu kun raina hirar tsofaffi, shi ya sa hannunku ba komai. Muna da maye da kamun kurwa, muna da mai rikiɗa ya zama kura, muna da 'yan ruwa da fatalwa, da mutumin da za ka gani a kasuwa ka duba ƙasa ka ga kofato. Kowanne da ƙa'idarsa. Wanda maye ya kama, cewa ake sai mayen ya tsallaka shi. Ba a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, ba a zama gindin tsamiya da tsakar rana. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ma, a labarin Bayajidda, ranar Juma'a kaɗai yake bari a ɗebi ruwa. Naka dodon yana yin duk abin da ya ga dama, yaranka ma haka, to me mai karatu zai ji tsoron a karya?

Sannan wace uwa ce a Pantami za ta bar 'yar shekara 15 ta fita bayan magariba? Ka sa yaranka suna yawo ƙarfe biyun dare kamar ba su da iyaye. Yadda za su saci jiki, da ƙaryar da za su yi wa malamin Islamiyya, da nauyin ƙaryar a zuciyarsu, rabin daɗin littafin yana nan, kai ka tsallake shi. Kar kuma in sake ganin ka mayar da tsohuwa matalauciya mayya. Zargin maita ya sa an doki bayin Allah, an kore su daga gidajensu a ƙasar nan, ba zan buga abin da zai ƙara wa wutar itace ba. Yaranka su riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, in ka kai su wajen boka ka yabe shi, iyaye za su ƙwace littafin kuma da gaskiyarsu.

Shi mai YouTube ɗin, ka tura masa babi uku kawai. In yana so, ya zo nan Gombe ko ya turo wakili, a rubuta nawa zai biya, kashi nawa zai karanta, da sunan wa, mutum biyu su sa hannu, ni ne na farko. An sa wa sabuwar dokar haƙƙin mallaka hannu a 2023, amma alƙali ma takarda zai tambaye ka. In ya fara ce maka ai an zama ɗaya, ka kashe wayar ka zo ka faɗa min.

Gobe ka zo da wuri, akwai rim huɗu da za a yanka kafin azahar. Ka taho da babi na shida a buge a takarda, da jan biro, ni ba na gyara a waya.