Yaya, ga amsarka kan hoton Sallarmu na Chatsworth

Yaya, na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin hoton, wai mun bar gaishe-gaishen dangi mun tafi kallon ciyawa, har kana tambaya ko yaranmu sun san yawon Sallah ma. Na san rabin maganar tsokana ce amma ɗaya rabin da gaske kake.

Wurin sunansa Chatsworth, a yankin Derbyshire na ƙasar Ingila, daga nan Sheffield ko awa ɗaya ba a yi a mota. Gidan wani basarake ne da ake ce wa Duke na Devonshire, zuri'ar Cavendish, tun 1549 wurin yake hannunsu. Kai da ba ka fashin Hawan Fanisau da na Dorayi ai bai kamata abin ya zame maka baƙo ba, sarki da gidansa na bayan gari inda yake fita shan iska. Lambun da ke jikin gidan eka 105 ne, shi ake biyan kuɗin shiga, amma makeken filin da ke kewaye da shi mai kusan eka 1,000 kyauta ne, kuɗin ajiye mota kawai. Mu kuma gidajenmu a nan ƙanana ne, falo ɗaya ba zai ɗauki iyalai goma da yara da surutunmu ba sai maƙwabta sun fara leƙe, to shi ya sa in Sallah ta faɗo lokacin zafi, bayan an sauko daga idi sai a loda kuloli, waina da miyar taushe da soyayyen nama, a shimfiɗa tabarmi a bakin kogin Derwent, tumaki da bareyi na kiwo can gefe, azahar ta yi a tada jam'i a kan ciyawar nan da kake rainawa.

Kuma filin da kake gani kamar daji, shirya shi aka yi da hannu. Wani Capability Brown ne ya tsara shi a shekarun 1760, kowane gungun bishiya da gangan aka dasa shi. Har wani ƙauye mai suna Edensor aka tayar aka sake gina shi gefe don kar ya ɓata wa mai gida kallo ta taga, wannan kam ba na yaba musu, ƙarfa-ƙarfa ce ko a ina aka yi ta. A 1826 kuma aka ɗauki Joseph Paxton shugaban masu lambu yana saurayi, shi ya yi famfon feshin nan da ke bayanmu a hoton, a 1844, saboda Sarkin Rasha Nicholas zai kawo ziyara, aka haƙa tafki a kan tsauni ruwan na gangarowa da nauyinsa ba inji ba komai, ya taɓa tashi kusan mita 90 sama, sarkin kuma bai zo ba. A ɗakin gilashi na gidan ne Paxton ya raini ayabar da ake kira Cavendish, wadda yau ita ce mafi yawan ayabar da ake safara a duniya.

Maganar mijin Auta kuwa, tunda na san can ka dosa. Eh Bature ne, eh shi ne mai jar hula a hoton. Ya musulunta kafin ma ya zo neman aure, an yanka sadaki, Baba ne ya ba da ita a masallaci, danginsa suka kawo lefe akwati-akwati duk da sai da muka sha yi musu bayani. Amma har yau in na kira gida sai wata ta ce "Allah sarki Auta" kamar rasuwa aka yi. Mahaifinsa ne ma ya fara kai mu Chatsworth, shi da Baba suka ƙulla abota a kan tumaki, Baba Allah ya jiƙansa ɗan manomi ne daga Bichi, sai ya tsaya ya daɗe yana ƙare wa rago kallo yana lissafin nawa zai yi a kasuwar Wudil, ya ɗebi ƙasa ya murza ya ce wannan ko taki ba ta so, an bar ta ana shuka fure.

Yaranmu Hausarsu da gargada, ban musa ba, amma suna durƙusawa su gaida manya, suna zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi. Abin da ke ɗan sosa mana rai shi ne a nan 'yan Afirka ake ce mana, mu zo gida kuma ku ce 'yan Ingila sun iso, mai adaidaita ma yana jin bakin yaran sai ya ninka kuɗi, ku kuna gefe kuna dariya.